Ta Bayan Gilashi: Kwana Tara a Dakar

Motar da ta ɗauko ni daga filin jirgin sama na Blaise Diagne ta yi kusan awa guda kafin ta shigo cikin gari, muna shigowa kuma cunkoso ya riƙe mu a bayan wata tsohuwar motar haya. Tun da ba yadda zan yi, sai na zuba mata ido. Ƙasanta shuɗi, samanta rawaya, an zana mata doki da tsuntsu da furanni, babu inda aka bari fili ko na tafin hannu. Yaron mota yana rataye a ƙofar baya, ƙafa ɗaya a kan matakala, in za a tsaya sai ya ƙwanƙwasa ƙarfe direba ya ji. Da muka samu muka wuce ta, na waiga na ga an yi mata idanu biyu a gaba, a goshinta kuma an rubuta Alhamdulillahi da manyan baƙaƙe. Direbana ya ga ina leƙe, ya ce sunanta kar rafid, wato mota mai sauri, sannan ya bushe da dariya, don ko mai keke ya so sai ya wuce ta. Ya ce akwai irinta guda ɗaya a ajiye a wani gidan tarihi a birnin Faris, Turawa na shiga layi su kalle ta. Na ɗauka zolaya ce. Daga baya na tabbatar gaskiya ya faɗa.

Ƙarshen watan Mayu ne na 2022. Yawancinmu in aka ce Senegal, Kaulaha ce ke fara faɗo mana a rai, ko kuma ƙwallo, balle a wannan shekarar da suka ɗauki kofin Afirka a watan Fabrairu. Ni abin da ya kawo ni daban: Dak'Art, bikin baje kolin zane da sassaƙa da ake yi duk bayan shekara biyu. An fara shi a 1990, a lokacin adabi aka fi ba ƙarfi, a 1992 aka juya kan zane, daga 1996 kuma ya tsaya a kan ayyukan 'yan Afirka na wannan zamani. Na 2020 korona ta hana, shi ya sa wannan karon, na 14, gari ya cika maƙil kamar ana biyan bashi. An haɗa ni da wani ɗalibin Jami'ar Cheikh Anta Diop ya zama tafintana, don ni Faransancina bai wuce gaisuwa ba, Wolof kuwa ko gaisuwar sai da ya koya mini.

Babban baje kolin, wanda gwamnati ke ɗaukar nauyi, a tsohuwar kotu ake yin sa, can ƙarshen gari a Kap Manuwel, inda ƙasa ta tsuke teku ta kewaye ta. A ƙarshen zamanin Turawa aka gina kotun, aka ƙaurace mata a farkon shekarun 1990, ta zauna kango fiye da shekara ashirin, sai a 2016 aka share ta aka mayar da ita wurin baje koli. Ba a yi mata kwalliya ba, na kuma ji daɗin hakan. Bango duk tsagu, fenti ya kwaye, dogayen ginshiƙai a jere, tsakiyar ginin a buɗe rana na zubowa. Ɗakunan da a da ake yanke wa mutane hukunci, yanzu su ne cike da ayyukan mutum 59 da aka zaɓo. Taken bikin kalma ce ta harshen Serer, Indafa, mai nufin ƙira, irin ta maƙeri.

Ba zan yi ƙarya ba, akwai abubuwan da na tsaya a gabansu na fita ban gane komai ba. Wani ɗaki duhu ne da majigi, ana nuna ruwa yana ɗiga, na ba shi minti biyar na haƙura. Bayanan da ake mannawa a gefen ayyukan kuma, wasu an rubuta su da irin harshen da sai ka yi digiri biyu kafin ka san ana nufin mai zanen yana kewar kakarsa. Amma akwai inda ƙafata ta kafe. Ɗakin Abdoulaye Konaté ne, dattijon nan ɗan Mali da aka karrama a wannan shekarar. Daga bakin ƙofa ka rantse fenti ne aka malala a bango, shuɗi yana tafiya a hankali har ya koma fari. Da na matsa sai na ga ƙyalle ne. Dubban 'yan ƙyallayen shadda, kowanne bai fi faɗin yatsu biyu ba, an rina, an yanka, an kalmashe baki, an ɗinka su layi bisa layi kamar gashin zabo. Iskar teku ta shigo ta taga, bangon gaba ɗaya ya motsa kamar yana numfashi. Na daɗe a wurin. Abin da ya tsaya mini a rai, suna ɗaya ne a jikin takardar, alhali duk wanda ya taɓa zama kusa da keken ɗinki ya san wannan aikin hannuwa da yawa ne suka sha shi. Wa ya rina? Wa ya kalmashe? Wata nawa aka yi? Tun daga nan na ce wa tafintana, gobe ba gaban bango nake son gani ba, ya kai ni inda ake yin abin.

Ya ce, "Malam, ai ka sauƙaƙa mini. Bikin gaskiya ma a waje yake."

Abin da yake nufi shi ne ɓangaren da suke kira OFF, ɗaruruwan ƙananan baje koli da mutane ke shirya wa kansu a otal, a gidajen zama, a tsakar gida, a saman bene, har a garejin gyaran mota. Ba mai zaɓar ka, ba mai hana ka. Amma inda ya kai ni washegari ko a cikin wannan jerin ba ya. Wani ɗan ɗaki ne a unguwar Madina, a bayan shagon kafinta, inda wani dattijo ke zanen suwer.

Suwer zane ne a kan gilashi, kalmar ta samo asali daga Faransanci, ma'anarta ƙarƙashin gilashi. A bayan gilashin ake yin zanen, a gaba ake kallonsa, don haka komai a juye yake tafiya. Na tarar da dattijon zaune a kan ɗan benci, gilashi mai faɗin littafi a kan cinyarsa, ya goge shi tas da tsumma. Ya ɗora shi a kan wata takarda da ta tsufa har ta yi laushi, mai ɗauke da siffar mace da ɗaurin kallabi, ya tsoma alƙalami a baƙar tawada ya bi layukan. Hannunsa bai yi rawa ko sau ɗaya ba. Da ya gama, abu na gaba da ya yi shi ne sa hannu, daga dama zuwa hagu, baƙaƙen a birkice, yadda in an juya za su karantu. Mai zane a kan takarda ko kyalle sai ya gama yake sa suna. Shi kuwa tun bai san yadda aikin zai fito ba ya riga ya ɗauki alhakinsa.

Sai launi. Fentin mai ne na gwangwani, irin wanda ake shafa wa ƙofa, yana sirka shi a cikin murafen kwalba. Ƙananan abubuwa yake fara sa wa: ɗigon fari a cikin ƙwayar ido, zinariyar ɗan kunne, jan leɓe, ƙananan furannin jikin zane. Ya jingine gilashin a bango ya sha iska, ya ɗauki wani. Guda shida yake juyawa a lokaci ɗaya. In wancan ya bushe sai ya zo ya shafe fuska gaba ɗaya da launin fata, ya binne idon da leɓen da ya sha wahala a kansu. Daga inda nake zaune abin ya koma dabbare-dabbare, kamar yaro ya yi wasa da fenti. Launin bango shi ne na ƙarshe. Da ya ɗauko wani da ya kammala jiya ya juya mini gabansa, sai ga mace tana kallona, ido tar, kallabi ya tashi, komai a wurinsa, yana sheƙi kamar an jiƙa shi.

Na ce, "Baba, in ka yi kuskure fa?"

Tafinta ya mayar masa. Ya ɗaga kafaɗa ya ce abin da ka fara sawa shi ne a gaba har abada, wanda ya biyo baya ba ya rufe shi, sai dai ya tsaya a bayansa. In kuskuren ya yi yawa, a kankare da reza a koma farko.

Wannan sana'a ta haura shekara ɗari a ƙasar. A farkon ƙarni na 20 gwamnatin mulkin mallaka ta taƙaita shigo da hotunan addini da ake bugawa a ƙasashen Larabawa, mutane kuwa suna son su, sai masu hannu suka riƙa kwafe su a kan gilashi. Daga nan abin ya yi rassa: jirgin Annabi Nuhu da dabbobi bibbiyu, shehunan ɗariƙu, 'yan kokawa, mata 'yan kwalliya, ɓarawon akuya ana bin sa da sanda. A bangon dattijon, wanda ya fi yawa shi ne Shehu Ahmadu Bamba, wanda Faransawa suka kai gudun hijira Gabon a 1895. Hotonsa guda ɗaya ne kowa ya sani, wanda aka ɗauka a 1913, yana tsaye cikin farar riga, rawani ya rufe rabin fuska. Wannan hoto ɗaya shi ne a jikin mota, a ƙofar shago, a bangon makaranta, a gilashi, ko'ina ka juya a Dakar. Ban taɓa ganin gari da hoto ɗaya ya haifi zane da yawa haka ba.

Kafin mu tashi dattijon ya miƙo mini wani ɓallin gilashi da alƙalami, ya ce, "Ɗana, gwada." Na so in ƙi, tafinta ya ce ba a ƙin tayin babba. Na zana wani mutum da hula, na shafa launuka yadda na ga ya yi, ko yadda na zaci ya yi. Ya ce in bar shi ya bushe, in dawo kafin in bar gari.

A hanyar komawa na tambayi tafintana yadda aka yi gari ya zama haka. Ya ce Sengo, a taƙaice. Léopold Sédar Senghor, shugaban ƙasa na farko, daga 1960 zuwa 1980, marubucin waƙoƙi ne kafin ya zama ɗan siyasa, ya kuma ɗauki fasaha a matsayin aikin gwamnati kamar hanya da asibiti. A zamaninsa aka buɗe gidan wasan kwaikwayo na Daniel Sorano a 1965. A watan Afrilu na 1966 ya tara baƙar fata na duniya a Dakar don bikin fasaha na farko irinsa, har Duke Ellington ya zo daga Amurka da makaɗansa. A shekarar aka kafa masaƙar dardumar bango a garin Ces, ƙarƙashin Papa Ibra Tall. A 1972 aka baje ayyukan Picasso, shahararren mai zane ɗan Sifaniya, a Dakar, abin da ya sa lokacin da na je ana wani baje kolin na cikar shekara hamsin da wannan, a Gidan Tarihin Wayewar Baƙar Fata da aka buɗe a 2018. Na leƙa, gini ne zagayayye mai kyau, Sin ce ta gina, amma ban daɗe ba.

Sai dai wanda ya ba ka riga yana iya gaya maka ranar da za ka sa ta. Gwamnatin da ke sayen zane ita ce ke faɗin irin zanen da ya dace da Afirka, wasu matasa kuwa suka ce ba su yarda ba. A 1974 suka kafa wata ƙungiya, Agit'Art, suna aiki da buhu da tsumma da ƙarfen bola, suna wasa a tsakar gida. Jigonsu Issa Samb, wanda aka fi sani da Joe Ouakam, ya mayar da tsakar gidansa da ke titin Jules Ferry wurin aiki da mahawara har ya rasu a 2017. Da Sengo ya sauka kuma aljihun gwamnati ya tsuke, sai aka ga wanda ya iya tsayuwa da ƙafarsa. A 1983 aka kori masu zane daga tsohon barikin soja da suka mayar ƙauyen fasaha. A ƙarshen shekarun 1980 matasan unguwanni suka fito da abin da suka kira Set Setal, wato tsabta da tsabtacewa: su kwashe shara, su share kwata, sannan su zane bango da hotunan shehunai da 'yan ƙwallo da gargaɗin lafiya. Zanen bangon da ya cika Madina yau jikan wannan ne.

Ƙauyen fasaha na yanzu an buɗe shi a 1998, kusa da babban filin wasa mai sunan Sengo. Asalinsa sansanin leburorin Sin ne da suka gina filin, dogayen ɗakuna masu rufin kwano a ƙarƙashin itatuwa, yanzu an raba su wuraren aiki wajen hamsin. Na wuni a can. Ba ƙofar da aka rufe mini. Wani yana walda, yana haɗa doki da sarƙar babur da cokula. Wata tana kwaɓa yumɓu, rediyo na yi mata hira. Wani mai zane da ya kusa sittin ya zaunar da ni a kan gwangwanin fenti, muka yi ta hira ta bakin tafinta, kuma hirar ba ta wahayi ba ce ko kaɗan. Fenti mai kyau daga waje yake zuwa, kullum tsada yake ƙarawa. Damina na shigowa laima ta kama kyallen zane ya yi fumfuna. Masu saye yawanci baƙi ne, don haka wata ɗaya na biki shi ke ciyar da wata ashirin da uku. Ya nuna mini manyan ayyukansa jingine fuska ga bango, sannan ya nuna wasu ƙanana masu kwale-kwale da faɗuwar rana, ya ce waɗannan su ke biyan kuɗin makarantar yara, waɗancan kuma su ne dalilin da ya sa bai bar sana'ar ba. Na tambaye shi ko yana jin kunyar ƙananan. Ya dube ni kamar na yi tambayar yara.

A wannan daren ne na ga abin da har yau in na rufe ido nake ji a ƙirjina. Muna dawowa wajen ƙarfe goma sha ɗaya muka tarar an toshe wani layi da kujerun roba, an ja waya an rataya fitila. Tafinta ya ce tannaber ne, rawar sabar ta dare, mata ne ke shirya ta. Ba tikiti, ba dandamali, kwalta ce da yashi. Mata sun zauna sun yi da'ira cikin shiga ta kece raini, makaɗa bakwai a gefe ɗaya.

Sabar ganga ce doguwa da ake sassaƙawa daga gungume ɗaya, a rufe ta da fatar akuya, a ɗaure da turaku na itace a kewayen baki. Da hannu ɗaya da siririyar tsumagiya ɗaya ake kaɗa ta. Hannu na ba da murya mai kauri, tsumagiya na tsagawa kamar bulala, har sai ka ji a haƙoranka. Kafin a fara na ga wani yaro yana bin turakun da dutse, yana bugawa yana saurare, har fatar ta kai inda yake so. Tsumagiyoyi kuwa dami guda aka ajiye a ƙasa, don karyewa suke yi, makaɗi ya jefar ya sunkuya ya ɗauki wata ba tare da kiɗan ya yi gibi ba. Kowace ganga da aikinta. Masu kauri suna riƙe ƙasa, matsakaita suna saƙa a kai, doguwar da ake kira nder ita ce mai magana. Suna da abin da suke kira bak, dogon jimlar kiɗa da aka tsara aka haddace, wani na gidan makaɗan ne, wani an yi shi don wani mutum, kusan abin da muke kira take. Su bakwai za su taho da shi tare, su tsaya cak tare, kamar an yanke da wuƙa.

Rawar ba ta daɗewa. Mace za ta zabura daga kujera, ta cillar da takalmi, ta faɗo tsakiya, ƙafafu na tashi sama, hannu na yankan iska, daƙiƙa ashirin ko talatin, ta ƙare da wani bugu na ƙugu daidai kan bugun ƙarshe, ta ruga ta koma wurinta ana shewa. Na ɗauka ita ke bin kiɗa. Sai da na matsa kusa da mai nder na ga idonsa ba ya barin ƙafarta. Shi ke bin ta. In ta canza, ya canza, in ta yi niyyar tsayawa ya riga ya gani a kafaɗarta. Wata dattijuwa da ta fi kowa jiki ta fito a hankali, ba ta yi tsalle ko ɗaya ba, gira kawai ta ɗaga ta juya kafaɗa, makaɗin ya ba ta amsa da bugu uku, wurin ya kaure. Makaɗan gewel ne, wato maroƙan Wolof, gadon gidansu ne, yaron da ke ɗaure turaku ɗan mai nder ne. A irin wannan gida Doudou Ndiaye Rose ya fito, wanda ya riƙa jagorantar makaɗa da dama a lokaci ɗaya kamar mai ba da umarni ga runduna, ya rasu a 2015, yanzu babban gidan wasan ƙasa sunansa yake ɗauke da shi. Kiɗan mbalax da Youssou N'Dour ya kai duniya, in ka cire jita da madannai, wannan sabar ɗin ce a ƙasa. Na shiga gidan rawa ɗaya a wani daren don in ji mbalax ɗin, aka ce ana farawa sha biyu, ba a hau dandamali ba sai wajen biyu, ni kuwa barci ya riga ya ci rabina. Na layin nan ya fi zauna mini.

Kwana biyu kafin in tafi muka fita gari zuwa Tubab Jalaw, ƙauyen masunta mai nisan kilomita hamsin ko kusa da haka ta kudu. A can Germaine Acogny take da makarantar rawa, École des Sables, wato makarantar yashi. An haife ta a Benin a 1944, ta tashi a Senegal, ita ta jagoranci makarantar Mudra Afrique da Sengo da Maurice Béjart, Bafaranshe mai tsara rawa, suka kafa a 1977, a 2021 kuma aka ba ta kyautar Zakin Zinariya ta rawa a birnin Banis na Italiya. Sunan makarantar ba ado ba ne. Ɗaya daga cikin filayen atisayen yashi ne zalla a ƙarƙashin wata babbar rumfa, gefe a buɗe, kana hango kuka da tafki. Na zauna a baki na kalli matasa daga ƙasashe daban-daban suna abu ɗaya kusan awa guda: gadon baya kawai suke motsawa, daga ƙugu zuwa wuya, kamar maciji na hawa bishiya. Ba kiɗa mai daɗi, ba tsalle. Makaɗi ɗaya yana ba su bugu, malamar tana zagayawa tana dafa bayan wannan, tana gyara haƙarƙarin wancan. Yashi ba ya taimakon mai rawa, in ka taka sai ya nutse, ƙarfin da za ka tashi da shi sai ka nemo a cinyarka. Wata yarinya ta fito shan ruwa, na ga tafin ƙafarta ya yi kanta kamar na manomi. In ta hau dandamali a Faris ko Landan, 'yan kallo za su ce baiwa ce.

Ana gina babbar tashar jiragen ruwa a Ndayan, dab da su, kuma duk wanda muka yi magana da shi a ƙauyen sai ya kawo zancen. Ban san yadda shirun wurin zai kasance nan da shekara goma ba.

A hanyar dawowa muka tsaya a Yof, gidan Ousmane Sow, wanda aka mayar gidan tarihi a 2018, shekara biyu bayan rasuwarsa. Aikinsa na asali gashin ƙashi da tausar jijiya ne a asibiti, sai da ya kai hamsin duniya ta san shi da sassaƙa. Mutum-mutuminsa sun fi mutum girma, 'yan kokawa da makiyaya da mayaƙa, ya gina su da ƙarfe da buhu da wani haɗin kwaɓi da shi kaɗai ya san sirrinsa. Ka dubi bayan ɗan kokawa ɗaya ka san hannun da ya yi shi ya shekara yana laluben tsokar mutane. A 1999 an jera su a kan wata gada a Faris, miliyoyin mutane suka je kallo. Daga can muka bi ta gindin wani katafaren gunkin tagulla da ke unguwar Wakam, mai tsayin mita 49, wanda wani kamfanin Koriya ta Arewa ya gina aka buɗe a 2010. Na ɗaga kai na dube shi ta tagar mota. Tafinta ya ce mu tsaya mu hau? Na ce mu wuce.

Ranar tafiya da safe na koma Madina. Dattijon yana nan a kan bencinsa, gilasai shida a jingine. Ya ɗauko nawa daga saman kabad, har ya manna masa kwali a baya ya naɗe gefen da baƙin tef, ya sa ɗan zaren ratayewa, kamar wani aikin kirki. Ya miƙo mini yana danne dariya. Na juya gabansa. Hula ta fito, riga ta fito, har aljihu. Fuska kuwa fili ce fetal, ba ido ba baki, don na shafe ta da launin fata tun kafin in sa su, na zo daga baya na ɗiga idanuna masu kyau a inda ba mai ganinsu sai bango. Sunana kuma, da na rubuta yadda na saba, ya fito a birkice.

Na ce, "Baba, a kankare?"

Ya ce a'a, in tafi da shi haka. Ya naɗe mini shi a tsohuwar jarida tare da matar nan mai kallabi da na saya, ya ce in sa su a tsakiyar kaya, kada in bari a ɗora musu nauyi.